Takarda Ta Goma Sha Huɗu

Ranar Litinin da ƙarfe tara da kwata aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Kilcarrow. Sufeto Malachy Tuohy bai ko tuɓe rigar ruwansa ba, saja ta miƙo masa kan wayar.

"Rajistarar kotun iyali ce, yallaɓai. Wai an yi mata sata."

"Me ake sata a kotun iyali? Benci?"

"Takardu. Kuma muryarta rawa take yi."

Jin haka ya mai da hularsa ka. Shekara ashirin ke nan da sanin rajistarar, Dympna Coyne, bai taɓa jin muryarta ta yi rawa ba, har ranar da wani manomi ya jefe ta da takalmi ta tagar ofis.

Ya same ta a ɗakin ajiya da ke ƙasan ginin kotun, tana tsaye tsakanin kantocin ƙarfe, rungume da wani koren fayil.

"Hession da Hession," in ji ta. "Riƙon yara biyu. Gata, ranar Alhamis, alƙali zai zauna a kai. Na ɗauko don in shirya masa, sai na ƙirga."

"Me ya ɓata?"

Ta buɗe bangon ta nuna masa jerin takardun da aka rubuta a ciki. Ashirin da biyu ne. Ta tara babu, ta goma sha huɗu babu.

"Ta tara rahoton likita ne a kan mijin, Fergal Hession. Shekara uku da suka wuce ya kwanta asibiti wata biyu don ya rabu da giya. Ya rabu kuwa. Ta goma sha huɗu takardar rantsuwa ce ta matar, Nuala."

"Wa ke da ikon ganin fayil ɗin nan?"

"Su biyun da lauyoyinsu. Su ma sai da katin shaida, sai sun cike fom, kuma a gabana a taga. Shari'ar iyali ba ta bainar jama'a ba ce, Malachy, ka fi kowa sani."

Ya sani. Nasa fayil ɗin, na rabuwarsa da matarsa, yana nan a kanta ta uku daga bango, shekara goma sha ɗaya ke nan. Bai waiga wajen ba.

"Wa ke shigowa ɗakin nan?"

"Ni kaɗai. Makullin a wuyana yake."

"Babu kowa?"

"Ko alƙali sai ya roƙe ni."

Tuohy ya karɓi fayil ɗin da hankici. A gefen bangon baya akwai wani baƙin tabo mai maiƙo, girman babban yatsa. Ya shinshina. Ba tawada ba ce.

Bai gama dubawa ba wayarsa ta yi ƙara. Saja ce. Manajan kamfanin motocin da ke kai yara makaranta ya zo ofis da ambulan da aka aiko masa ta gidan waya, babu sunan mai aikowa. A ciki akwai rahoton likita, da jan hatimin kotu a kusurwa. Ya riga ya dakatar da direban.

Direban kuwa shi ne Fergal Hession.

Tuohy ya same shi a ɗan ɗakin da yake haya a saman shagon mahauci. Dogon mutum ne mai faɗaɗɗun hannuwa, yana zaune da rigar aikinsa, makullin motar da ba zai tuƙa ba yana gabansa a tebur.

"Shekara uku ban ɗanɗana ba, Sufeto," in ji shi. "Ko a bikin ƙanwata lemo na sha, mutane suna ta yi mini dariya. Yau an ce in ajiye mota. In na shiga gaban alƙali ranar Alhamis ba ni da aiki, ka san yadda za ta ƙare. Sai dai in riƙa ganin 'ya'yana a hoto."

"Wa kake zargi?"

"Wa zai amfana? Nuala."

"Yaushe rabonka da kotu?"

"Tun zaman watan jiya."

"Littafin taga ya ce ka je ranar Laraba."

Fergal ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja.

"Na je. Na manta katin shaidata a mota, Madam Coyne ta kore ni kamar kare. Ban ko ga bangon fayil ɗin ba."

"Me ka je nema?"

Ya murza makullin da ke gabansa.

"Na ji za ta yi aure. Ina so in gani ko ta rubuta sunan mutumin a wata sabuwar takarda. Ina so in san wane ne zai riƙa yanka wa 'yata burodi da safe. Laifi ne?"

"Ba ka san shi ba?"

"Yanzu na sani. Wani Cathal Devaney. Ban taɓa yi masa magana ba, amma na san motarsa. Farar mota ce mai tsani a sama. Duk Asabar ɗin da na je ɗaukar yara, tana can ƙarshen layi, shi yana ciki. In Nuala ta tsaya a ƙofa ta yi mini magana ta minti biyu, sai in ji an ta da inji."

Tuohy ya rubuta. Hannunsa ya ɗan tsaya a kan takardar. Ya san irin wannan zama a ƙarshen layi. Ya taɓa yinsa wata huɗu cur a gaban wani gida mai shuɗiyar ƙofa, yana ƙirga mintocin da wani mutum yake yi a ciki. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

"Me ke cikin takarda ta goma sha huɗu?" ya tambaya.

Fergal ya ɗago kai da sauri.

"Ita ma an ɗauke?"

"An ɗauke. Amma ba a aika wa kowa ba."

"To wannan ka tambayi Nuala. Ba zan faɗa ba. Duk abin da ta yi mini, uwar 'ya'yana ce."

Gidan Nuala yana bayan filin ƙwallo. Ita ta buɗe ƙofa, da rigar aikin jinya a jikinta, idanunta sun yi zuru-zuru. Lauyanta ya riga ya bugo mata.

"Ya ce alƙali zai ɗauka ni ce," in ji ta tun kafin ya zauna. "Ya ce in aka tabbatar na fitar da sirrin kotu, ni zan rasa yaran, ba Fergal ba. Sufeto, na rantse maka ban yi ba. Mun yi faɗa da mutumin nan har maƙwabta sun gaji da mu, amma ba zan raba shi da abincinsa ba."

Wani mutum ya fito daga kicin da tire. Matsakaicin tsayi, mai tsafta, ya kai shekara arba'in da biyar. Ya ajiye shayi a gaban Tuohy, ya zauna a hannun kujerar Nuala, ya ɗora tafinsa a kafaɗarta.

"Cathal Devaney," in ji shi. "Za mu yi aure a watan Yuni, in Allah ya yarda."

"Allah ya sa alheri. Madam, kina da kwafin takardun shari'ar nan?"

"Suna wajen lauya. Ba na ajiye ko ɗaya a gida."

"Saboda yara," in ji Cathal. "Haka ta ce."

Tuohy ya lura da yadda ya furta "haka ta ce".

"Hatimin gidan waya ya nuna ranar Juma'a aka aika ambulan ɗin. A ranar, da rana, kina ina?"

"Tana asibiti," in ji Cathal. "Ta fita bakwai saura kwata, ta dawo huɗu da minti goma."

"Madam nake tambaya."

"Haka ne," in ji Nuala. "Sai dai ni ban duba agogo ba."

"Me ke cikin takardarki ta goma sha huɗu?"

Ta ɗauki kofinta, ta mayar ba ta kurɓa ba.

"Ban tuna ba. Maganar makarantar yara ce, ina jin."

"Duk abin da ke ciki na sani," in ji Cathal, yana murmushi. "Ba ma ɓoye wa juna komai. Ko ba haka ba, masoyiya?"

"Haka ne."

Yatsunsa suka ɗan matse kafaɗarta.

"Ni tausayin mutumin ma nake ji," ya ci gaba. "Amma gaskiya ce gaskiya. Ba a ba mashayi motar yara talatin. Wasu matan ne dai ba sa ganin laifinsa. Ya yi kuka kaɗan, ya sayi fure, sai a bi shi har bakin teku."

Nuala ta juyo ta dube shi. Jinin fuskarta ya gudu.

Tuohy ya shanye shayinsa, ya yi godiya. Nuala ta rako shi har ƙofa. Cathal ya tsaya a falo inda zai iya ganinsu.

"Zan kira ki a asibiti," Tuohy ya ce da ita ƙasa-ƙasa.

A bakin titi farar mota mai tsani tana tsaye. A gefenta an rubuta: Lavelle, gyaran famfo da ɗumama gida.

Da ya koma kotu bayan cin abincin rana, bai tsaya a ofishin rajistara ba. Ya ce ta buɗe masa ɗakin ajiya. Ya bi bango har kusurwa, ya ɗora hannu a kan bututun ɗumama ɗaki. Da zafinsa. A mahaɗar bututun akwai sabon ƙarfe mai sheƙi, da baƙin man shafawa a kewaye.

Ya dangwali man da yatsa, ya kai hanci.

"Dympna, tun hunturun bara kike yi mini ƙorafin ɗakin nan kamar firji yake. Yaushe aka gyara?"

Ta taɓa makullin da ke wuyanta.

"Ranar Juma'a."

"Da safe kika ce babu mai shigowa."

"Mai gyaran famfo ne kawai! Ni ban ɗauke shi a matsayin... Ina tsaye a kansa ai."

"Daga farko har ƙarshe?"

Ta zauna a kan ɗan tsanin ɗauko fayiloli. Shekara ashirin da shida tana aikin nan, ba a taɓa kama ta da kuskuren waƙafi ba.

"Masinjanmu ya yi ritaya," in ji ta. "Aka yanka masa kek a sama da ƙarfe biyu. Ni aka ce in yi jawabi. Mutumin yana kwance a ƙasa da sifana a hannu, ya ce in tafi abina, ba inda za shi. Minti ashirin na yi, Malachy. Ko ashirin da biyar."

"Sunansa?"

Ta kawo littafin baƙi. Sunan kamfani kawai aka rubuta: Lavelle. Sa hannun kuwa wani jagwalgwalo ne.

Tuohy ya bugi kamfanin daga nan inda yake tsaye. Matar da ta ɗauka mai surutu ce, ba sai ya matsa ba.

"Aikin kotu? Ai wani ne aka rubuta wa, amma Cathal ya roƙe shi su yi musaya. Tun da takardar aikin ta shigo yake nacin a ba shi. Muka ce, Cathal, ko dai ƙara kake so ka kai ne?"

Ta yi dariya. Tuohy bai taya ta ba.

Ya kira Nuala a asibiti. Ta ɗauka a wani wuri mai amsa kuwwa, kamar matakala.

"Yanzu babu kowa a kafaɗarki," in ji shi. "Me ke cikin takardar?"

Ta rage murya.

"Lokacin Ista na bara, ni da Fergal mun sake gwadawa. Mako biyu. Muka kai yara wani otal a bakin teku. 'Yarmu ta daina cin abinci tun da ya bar gida, na ce bari mu gani ko za a iya gyarawa. Ba a iya ba. Lauya ya ce in rubuta, don alƙali ya ga na yi iya ƙoƙarina."

"A lokacin kin san Cathal?"

"Wata uku da fara fitarmu. Na ce masa na tafi wajen yayata."

"Kin taɓa gaya masa maganar teku?"

"Ko da wasa. Mutumin da in mai kawo wasiƙa ya gaishe ni sau biyu sai ya kwana bai ci abinci ba? Sufeto, daga ina ya ji?"

"Ƙarfe nawa yake tashi aiki?"

Biyar saura, Tuohy da saja suka tsaya a harabar kamfanin Lavelle. Ana yayyafi. Cathal yana bayan motarsa yana jera bututai. Da ya gan su ya goge hannu da tsumma, ya yi murmushin nan nasa.

"Sufeto! Shayin ne ya yi maka daɗi?"

"Ranar Juma'a da ƙarfe biyu kana ina?"

"Aiki. Gidaje nawa nake shiga a rana?"

"Kotun iyali gida ce?"

Murmushin ya rage.

"Na gyara musu bututu. Sai me?"

"Da safe ba ka faɗa ba."

"Ba ka tambaya ba."

"Akwai tabon man bututu a bangon fayil ɗin Hession. Babban yatsa ne. Gobe za a gwada da naka. Rajistara ta bar ka kai kaɗai minti ashirin da biyar. Aikin ba naka ba ne, roƙa ka yi." Tuohy ya matso. "Wa ya gaya maka sun je bakin teku?"

"Nuala."

"Na tambaye ta."

Cathal ya dubi tsumman da ke hannunsa kamar bai san inda ya samo shi ba. Sannan ya zauna a bakin motar.

"Ni ba sata na je yi ba," in ji shi. "Karantawa kawai na je yi."

"Don me?"

"Don ba ta ajiye ko takarda ɗaya a gida! Ka taɓa zama da mace wadda rabin rayuwarta yake kulle a ginin gwamnati? Alƙali ya sani, lauya ya sani, waccan tsohuwar mai makulli ta sani, shi ya sani. Ni da zan aure ta, ni kaɗai ne bare. Na je taga tun watan Janairu, na ce ni ne mijin da za ta aura. Wata yarinya ta ce, 'Malam, ba ka cikin shari'ar.' Ba na ciki! Ni nake kai yaran wajen likitan haƙori. Ni na gyara rufin gidan."

"Sai ka karanta."

"Na karanta. Ranar da ta dawo daga wai gidan yayarta, ni na je tasha na ɗauko ta. Hancinta ya ƙone da rana. Na ce, ashe ana rana a can? Ta ce sosai. Na saya mata man shafawa, Sufeto. Da hannuna na shafa mata."

Saja ta kau da kai. Tuohy bai kau ba.

"Rahoton likitan fa?"

"Yana nan a gabana, takarda biyar kafin tata. Na ce in ya rasa aikin, alƙali zai hana shi yaran. In babu yara, babu Asabar. In babu Asabar, ba zai ƙara tsayawa a ƙofarta yana sa ta dariya ba. Ka san ni ba ta taɓa yi mini irin dariyar nan ba?"

"Ka yi tunanin ita za a fara zarga? Ita ce ta kusa rasa yaran."

A fili yake Cathal bai taɓa kawo wannan a ransa ba.

"Ina takardar?"

Ya sa hannu a aljihun ƙirjinsa ya zaro ta. An ninke ta huɗu. Kwana uku kacal, amma wajen ninkin har ya fara yagewa don yawan buɗewa. Tuohy ya karɓa da hankici, ya zura a jakar leda yadda take a ninke, ya miƙa wa saja.

"Cathal Devaney, na kama ka da laifin satar takardun kotu da fallasa sirrin shari'ar iyali. Ba dole ne ka ce komai ba, amma duk abin da ka faɗa za a rubuta."

Saja tana sa masa ankwa sai ga ƙaramar motar Nuala ta shigo harabar. Ta fito ba ta ko rufe ƙofa ba. Ta tsaya taku uku daga gare shi, ruwa yana sauka a gashinta.

"Na yi maka ƙarya, Cathal," in ji ta. "Wannan nawa ne, zan ɗauka. Amma 'ya'yana me suka yi maka?"

"Nuala, ɗaki ɗaya kuka kama ko biyu? Takardar ba ta faɗa ba."

Ta zare zoben da ke yatsanta, ta ajiye a kan bututan da ya jera, ta juya wajen Tuohy.

"Za ka gaya wa manajan Fergal yadda aka yi?"

"Yau ɗin nan. Da alƙali ma, kafin Alhamis."

Ta gyaɗa kai, ta koma motarta.

A hanyar ofis Cathal yana baya kusa da saja, goshinsa a jikin gilashi. Can ya ɗago.

"Sufeto, a sakin layi na uku ta rubuta wai ta tafi da zuciya ɗaya. Kai ka saba da irin takardun nan. Lauya ne yake sa musu wannan kalmar, ko ita ce ta faɗa da bakinta?"

Tuohy ya dube shi ta madubi.

"Ban karanta ba," in ji shi. "Ba ni aka rubuta wa ba. Kai ma haka."

Ya kunna sigina, ya karya kan motar zuwa ƙofar baya ta ofis.